Tsadar wuta a Kano: shin sauya moton lantarki zai rage wa masana'antu da masu ƙananan sana'o'i nauyi?

Tun daga ranar 3 ga Afrilun 2024, lokacin da hukumar kula da harkokin wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin yunit ɗaya ga waɗanda ke kan layin Band A, wato rukunin da aka ware wa mafi yawan awannin wuta a rana, zuwa naira 225, hirar masu masana'antu a Sharaɗa da Challawa da Bompai da Dakata ta koma kan tambaya guda: ina za a samo wuta mai rahusa? An sassauta farashin zuwa naira 206.80 a watan Mayu, aka mayar da shi naira 209.50 a Yuli, amma duk da haka ya ninka na da kusan sau uku. Wasu sun karkata ga sola, wasu suna lissafin iskar gas, wasu kuma sun rage awannin aiki. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: a cikin wutar da ake saye da tsada haka, nawa ce take zama aiki, nawa ce kuma take tashi a banza?

A nan ne maganar moton lantarki ta shigo, kuma akwai fahimta iri biyu da ke yawo a kanta, dukkansu da gyara. Masu sayar da sababbin injuna kan nuna kamar da zarar an sauya tsohon moto da sabo kuɗin wuta zai ragu da rabi. Tsofaffin masu sana'a kuwa kan ce moto moto ne, muddin yana juyawa babu dalilin taɓa shi.

Mene ne moton, kuma me ake nufi da ingancinsa?

Moton lantarki shi ne na'urar da ke karɓar wuta ta mayar da ita juyi. Shi ne ke jan injin niƙa da injin casar shinkafa, shi ne a cikin sumo mai tura ruwa daga rijiyar burtsatse, shi ne ke juya kwamfiresar masu ƙanƙara, da gangunan jima a Challawa, da injunan narka roba, da fankokin da ke fitar da zafi daga ɗakin aiki. Wani nazari da Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, ta fitar a 2011 ya ƙiyasta cewa motoci irin waɗannan da injunan da suke ja suna shan tsakanin kashi 43 zuwa 46 cikin ɗari na dukkan wutar da duniya ke amfani da ita, kuma a ɓangaren masana'antu kaɗai rabonsu ya kai kusan kashi biyu bisa uku. Ke nan mai masana'antar da ya sauya dukkan ƙwayayen fitilarsa zuwa masu tsimin wuta ya yi abin kirki, amma bai taɓa babban mai cin kuɗinsa ba.

Inganci a nan yana nufin kason wutar da ta shiga moton ta fito a matsayin juyi. Idan aka ce ingancin moto kashi 88 ne, to cikin kowane yunit 100 da mita ta ƙirga, 88 ne suka yi aiki, 12 kuma suka zama zafi. Zafin yana fitowa ne daga wayar da aka naɗa a jikin moton, da ƙarfen tsakiyarsa, da gogayyar boris, da 'yar fankar bayansa mai sanyaya shi. Lambar da ke rubuce a jikin ƙaramin farantin moton, walau kilowat ko ƙarfin doki (doki ɗaya daidai yake da wat 746), tana nuna ƙarfin da yake fitarwa ne, ba wutar da yake ja ba; abin da yake ja kullum ya fi haka.

Lissafin da ba a yi a ranar sayayya

A ɗauki misalin moto mai kilowat 11, wato kusan doki 15, yana aiki da cikakken lodi awa 16 a rana, kwana 300 a shekara. Idan ingancinsa kashi 87.6 ne, zai sha yunit kusan 60,000 a shekara, wanda a farashin Yulin 2024 ya haura naira miliyan 12 da rabi, tun kafin a ɗora haraji. Duk wanda ya san kasuwar kayan wuta ta Sabon Gari ko ta Ƙofar Ruwa ya san cewa kuɗin sayen moton bai kai kusa da wannan ba. Shi ya sa injiniyoyi ke cewa a tsawon rayuwar moton da ke aiki kullum, fiye da kashi 90 cikin ɗari na abin da za a kashe a kansa kuɗin wuta ne, kuɗin saye da na gyara kuwa 'yan kaɗan ne. Mai ciniki zai ɓata rabin yini yana neman ragin naira dubu hamsin, alhali bambancin da ke tsakanin moto biyun da ke gabansa zai iya cinye ninkin wannan a wata biyu ko uku.

Idan aka sauya shi da mai ingancin kashi 91.4, yunit kusan 2,500 za a rage a shekara, wato sama da naira 500,000 kaɗan. Kuɗi ne mai auki, amma kashi huɗu ne kacal cikin ɗari na kuɗin wutar moton, ba rabi ba. Idan kuma tsohon ya sha naɗi har ingancinsa ya faɗo zuwa kashi 84, ribar za ta haura naira miliyan ɗaya. Mai injin markaɗe na unguwa da ke aiki awa uku a rana da moto mai wannan girman, abin da zai rage bai kai naira 100,000 a shekara ba, don haka babu hikima ya jefar da moton da ke aiki lafiya. Awannin aiki su ne ke yanke hukunci, ba shekarun moton ko sunan ƙasar da aka ƙera shi ba.

Ga wanda ke kan janareta lissafin ya fi zafi. Litar dizal ɗaya ba ta cika ba da fiye da yunit uku zuwa huɗu ba ko da janaretan yana ɗauke da lodin da ya dace, saboda haka duk lokacin da lita ta haura naira 1,000, kamar yadda ta yi a 2024, yunit ɗaya yana kaiwa naira 300 ko kusa da haka, ban da kuɗin sabis da man juye.

Lambobin IE da ke jikin faranti

Hukumar ƙasa da ƙasa mai tsara ma'aunin kayan lantarki, IEC, ta kasa motoci mataki-mataki: IE1 shi ne na ƙasa, sai IE2, sai IE3, sai IE4. Alƙaluman da aka yi misali da su a sama daga nan suka fito, domin moto mai kilowat 11 da ke juyi kusan 1,500 a minti dole ya kai kashi 87.6 kafin a kira shi IE1, ya kai 91.4 kafin a kira shi IE3, ya kai 93.3 kafin a kira shi IE4. Tazarar ta fi faɗi a ƙananan motoci: mai doki ɗaya yana tashi daga kusan kashi 72 a IE1 zuwa 82.5 a IE3, alhali a manya masu kilowat 55 bambancin bai wuce maki biyu da rabi ba. Abin da ke kawo ingancin ba wani sirri ba ne, illa ƙarin wayar jan ƙarfe, da ƙarfe mai kyau a tsakiya, da ƙira mai tsafta, shi ya sa moton kirki ya fi nauyi kuma ya fi tsada.

Tarayyar Turai ta wajabta IE3 ga yawancin motoci masu aiki da layin wuta uku daga kilowat 0.75 zuwa 1,000 tun Yulin 2021, ta kuma wajabta IE4 ga masu kilowat 75 zuwa 200 daga Yulin 2023. Ƙasar Sin ma ta mayar da matakin da ya yi daidai da IE3 mafi ƙaranci a kasuwarta a 2021. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin tsofaffin motocin da aka cire daga masana'antun can ba narkar da su duka ake yi ba. Da yawa suna biyo kwantena su zo kasuwanni irin namu a matsayin na hannu. Wasu daga cikinsu suna da ƙwari sosai, kuma ba laifi ba ne a saye su. Laifin shi ne saye ba tare da duba faranti ba, ko yarda da sabon fenti da farantin da aka buga jiya. Akwai kuma sababbi masu arha waɗanda aka naɗa da wayar alminiyam maimakon jan ƙarfe, ko aka rubuta musu ƙarfin da ba su da shi, kuma mai saye ba ya ganewa sai moton ya fara zafin da hannu ba ya iya taɓawa.

Naɗin koyil: inda ake ceto moto, inda kuma ake kashe shi

A Kano idan moto ya ƙone ba a jefar da shi, wajen masu naɗin koyil ake kai shi, kuma wannan sana'a ce da ta riƙe masana'antun garin nan shekara da shekaru, musamman a lokutan da canjin dala ya sa sabon kaya ya gagari kowa. Masu tallan sababbin motoci kan ce duk moton da aka naɗa ya rasa ingancinsa. Maganar ba haka take ba ɗungurungum. Wani gwaji da ƙungiyoyin masu gyaran moto na Amurka da Birtaniya suka wallafa a 2003 ya nuna cewa idan aka bi ƙa'ida, moton da aka naɗa yana iya riƙe ingancinsa na asali. Matsalar tana wajen yadda ake aikin.

Tsakiyar moto ba dunƙulen ƙarfe ɗaya ba ce. Siraran faranti ne aka jera, kowane da ɗan rufi a jikinsa da ke hana wuta zagayawa tsakaninsu. Idan aka cire tsohuwar wayar ta hanyar cinna wa moton wuta da itace ko tsohuwar taya, ko aka gasa shi da wutar walda, zafin yana wuce digiri 350 zuwa 400 inda rufin ke fara lalacewa, kuma daga ranar ƙarfen zai riƙa shan wuta yana mayar da ita zafi, ko da an naɗa masa waya mafi kyau a duniya. Idan aka fizge wayar da guduma da kurfi, haƙoran ƙarfen suna lanƙwashewa. Sai kuma batun wayar kanta: jan ƙarfe ya yi tsada, mai moto ya matsa a rage masa kuɗi, sai mai naɗi ya sa waya siririya ko ya rage yawan zagaye. Moton zai tashi, zai juya, kowa ya yi murna, amma kowane naɗi irin wannan yana iya zaftare maki ɗaya ko biyu na inganci, kuma akwai motocin da suka sha naɗi sau uku ko huɗu.

A ganina, a nan ne za a fi samun riba da kuɗi kaɗan a gari kamar Kano. Mai naɗin da ke rubuta kaurin tsohuwar waya da yawan zagayenta kafin ya cire, ya mayar da irinta, ya gasa fentin rufin wayar a tanda mai ma'aunin zafi, ya cancanci a biya shi fiye da wanda ba ya yi. Mai masana'antar da ke neman naɗi mafi arha yana sayen bashi ne wanda kamfanin raba wutar Kano, KEDCO, zai riƙa karɓa duk wata. Ƙa'idar da ta fi dacewa ita ce: babban moto mai kyau da ya ƙone karon farko a naɗa shi wajen ƙwararre, ƙarami kuwa mai aiki dare da rana wanda ya riga ya sha naɗi, a sauya shi.

Babbar ɓarnar ba a cikin moton take ba

Duk abin da aka faɗa zuwa yanzu maganar maki biyu ne zuwa goma. Inda ake samun ragin kashi 20 ko 30 shi ne yadda aka haɗa moton da aikinsa.

Na farko shi ne girman da ya wuce kima. Saboda tsoron ƙonewa, an saba sa mai doki 30 inda mai doki 15 zai wadatar. Moto ya fi inganci idan yana ɗauke da kusan kashi uku bisa huɗu na ƙarfinsa, kuma da zarar lodin ya yi ƙasa da rabi ingancin yana fara zamewa, yana kuma jan wutar da ba ta aiki amma tana cika waya da taransifoma. Ga mai janareta abin ya zama biyu, domin moto yana jan wuta ninki shida zuwa bakwai a lokacin tashi, sai a sayi ƙaton janareta don tashin kawai, ya wuni yana shan dizal da ɗan lodi.

Na biyu ya shafi famfo da fanka. A wurare da yawa moton yana gudu da cikakken ƙarfi, sai a rage ruwa ko iska ta hanyar matse bawul, kamar mai tuƙin da ya take totur ya kuma take birki a lokaci guda. Akwai na'urar daidaita gudu, wadda masu aikin wuta ke kira VFD, da ke rage saurin moton gwargwadon buƙata. A fanka da famfo mai juyi, rage gudu da kashi 20 kacal yana iya rage wutar da ake ja da kusan rabi, saboda ƙarfin da ake buƙata yana faɗuwa da sauri fiye da gudun. Sai dai ba ko'ina take amfani ba. Famfon da ke ɗaga ruwa daga rijiya mai zurfi zuwa tanki a sama ba zai ba da wannan ragin duka ba, injin da ke buƙatar cikakken gudu kullum kuwa asara ma za a yi, domin na'urar kanta tana cin kashi biyu zuwa uku. Tana kuma tsoron ƙura da zafi da hawa da saukar wuta, abubuwa ukun da Kano ba ta rasa su.

Sauran ƙanana ne amma suna taruwa. Bel da ya saki yana zamewa a kan fuli, wanda aka ɗaure fiye da kima kuma yana cin boris. Iskar kwamfiresa da ke tsiyaya ta mahaɗar bututu kan kai kashi 20 zuwa 30 a masana'antar da ba a kula da ita, kuma ana iya jin ƙararta da kunne idan aka zaga bayan an tashi daga aiki. Injunan da ake bari suna juyi babu kaya a lokacin sallar azahar da cin abinci, su ma mita ba ta daina ƙirga su. Game da 'yan akwatunan da ake tallatawa cewa ana soka su a soket su rage kuɗin wuta, yawancinsu kafasito ne kawai, wato ɗan abin da ke riƙe cajin wuta na ɗan lokaci. Kafasito na gaskiya da injiniya ya auna ya haɗa yana sauƙaƙa wa taransifoma da janareta nauyi, amma ba ya rage aikin da moton ke yi, don haka ba zai zaftare yunit da yawa ba.

Wutarmu, zafinmu da ƙurarmu

An ƙera yawancin motoci ne bisa zaton zafin wurin ba zai wuce digiri 40 ba. A watannin Afrilu da Mayu zafin Kano a waje ma yana kai haka, balle a cikin rumfar kwano. Injiniyoyi suna da ƙa'idar cewa duk ƙarin digiri 10 a zafin wayar moto yana rage rayuwar rufinta da rabi. Idan ƙurar hunturu da garin niƙa da ƙaiƙayin shinkafa suka toshe ragar fankar baya suka cike tsagogin jikin moton, to an lulluɓe shi ke nan a tsakiyar bazara. Share shi da buroshi ba ya cin ko kwabo.

Wutar da ke zuwa ita ma da nata. Idan ƙarfinta ya yi ƙasa, moton yana ƙara jan ta don ya riƙe lodinsa, sai ya yi zafi. Mafi muni shi ne rashin daidaito tsakanin layuka uku, wanda ke faruwa idan aka jibga wa layi ɗaya na taransifoma gidaje da shaguna fiye da sauran: bambancin kashi ɗaya a ƙarfin layukan yana iya zama bambancin kashi shida zuwa goma a wutar da ke ratsa koyil. Idan layi ɗaya ya ɗauke gaba ɗaya moton na aiki, cikin 'yan mintuna ake jin ƙauri. Wanda ya sayi IE3 da tsada bai sa masa na'urar kariya daga ɗaukewar layi da wuce lodi ba, ko ya bari wani ya ɗaure ta da waya don kada ta riƙa katse aiki, zai kai shi wajen mai naɗi kafin ya mayar da kuɗinsa.

Me ya sa abin bai yaɗu ba?

Masu masana'antu, ta bakin ƙungiyarsu ta MAN, sun daɗe suna cewa matsalar farashi ce da rashin tsayayyar wuta, kuma suna da hujja. A Oktoban 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta biyo baya a layin da ke bi ta Binuwai, yawancin jihohin Arewa sun kwana fiye da mako guda cikin duhu, kuma babu ingancin moton da zai taimaki wanda ba shi da wutar kwata-kwata. Ga kuma tsadar bashi: a ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5, ban da waɗanda ba sa mu'amala da bashin ruwa saboda addini. Gyaran da zai ɗauki shekara huɗu kafin ya biya kansa ba ya jan hankalin mai neman kuɗin albashin wata. Gwamnati a nata ɓangaren tana cewa tallafin wuta ya fi ƙarfin baitulmali, kuma farashi na gaskiya ne zai sa a daina almubazzaranci.

Akwai dalilin da ɓangarorin biyu ba su cika ambata ba, wato rashin awo. Wanda ba shi da mita, ana kawo masa takardar ƙiyasi, ba shi da dalilin tsimi domin ko ya rage ba zai gani ba. Haka mai haya a rukunin shagunan da ake raba kuɗin wuta daidai-wa-daida. A manyan kamfanoni kuma, wanda ke sayo moto ana yaba masa ne idan ya sayo mai arha, takardar wuta kuwa teburin wani take zuwa. Ƙaramar mitar hannu da ake maƙala wa waya, da littafin da za a rubuta kowane moto da girmansa da awanninsa da sau nawa aka naɗa shi, sun isa su nuna cewa 'yan motoci kaɗan ne ke cin mafi yawan kuɗin, kuma da su ya kamata a fara. Wanda ke shirin sa sola ma ya fi kowa buƙatar wannan lissafi, domin duk kilowat ɗin da ya rage kafin saye, farantin sola da batir da inbata ne ya rage.

Abin da ya shafi mai saye

Kuɗin wutar moto ba ya tsayawa a masana'anta. Yana cikin kuɗin niƙan kwanon masara, da farashin ledar ruwa, da ƙanƙarar da ake rububi a watan azumi, da buhun shinkafar gida, da bokitin robar da ake sayarwa a Ƙofar Wambai. Ba za a ce ragin kashi 10 a kuɗin wutar mai injin niƙa zai sauko da farashi washegari ba, domin 'yan kasuwa ba su cika mayar da ragi ga mai saye da sauri ba. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ya jinkirta ƙarin farashi na gaba, ya kuma sa masana'antar da ke tunanin rufe aikin dare ta bar ma'aikatanta a bakin aiki. A unguwannin da masu walda da injunan niƙa da gidajen ƙanƙara ke raba taransifoma ɗaya da gidajen jama'a, kamar sassan Dakata da Kurna, motocin da suka yi wa aikinsu girma ko suka sha mummunan naɗi suna cikin abubuwan da ke jawo wuta ta yi rauni da yamma, kuma idan taransifomar ta ƙone, mazauna unguwar ne aka saba bi gida-gida a karɓi karo-karon gyara.